Neman Wake Ɗaya Mai Ɓata Gari

Waken fis, wannan ɗan koren wake mai zagaye da ake barbaɗawa a soyayyiyar shinkafa, amfanin ƙasar sanyi ne. Kanada da Rasha da Sin da Indiya na cikin manyan masu nomansa, kuma mai yawa daga cikinsa barinsa ake yi ya bushe a gona, a casa, a zuba a buhuna, wani a ci, wani a ba dabba, wani a ajiye iri. A kan na ajiyar irin nan magana take. Manomi na iya ɗibar ƙwayar a tafin hannu ya ga ta cika ɓul-ɓul, ba huda, ba fumfuna, ba ƙwaro, ya ce madalla, alhali cikin ɗari biyu ko uku akwai guda da ta ɗauko cuta tun tana cikin kwasfa. Da a bayan ƙwayar cutar take, da sai a wanke ko a shafa magani. Tana can ciki, a jikin ɗan tsiron da ke naɗe tsakanin ɓari biyu na ƙwayar, tana jiran ruwan shuka.

Wata cuta da ke damun manoman fis ta wannan hanya bairos ce, wato irin ƙwayar cutar nan da ƙanƙantarta ta fi ƙarfin madubin likita na yau da kullum. Masana na taƙaita sunanta da PSbMV, bairos mai dabbara ganyen fis da ke bin iri. Siffarta zare-zare ce, tsawon kowane zare nanomita 770, sai an jera kusan 1,300 kai da kai kafin su cika milimita ɗaya. A Cekosulobakiya aka fara bayyana ta a 1966, shekara ɗari cif bayan Gregor Mendel ya wallafa binciken gadon halitta da ya yi da wannan wake a garin Brno, wanda a lokacin bayyanar cutar yana cikin ƙasar. Shekara na zagayowa aka ba da labarinta a Japan. Tsiron da ya fito da ita yakan tsumbure, gefen ganyensa ya nannaɗe ƙasa, gaɓoɓinsa su taƙure, kwasfa ta gajarce ta karkace, ƙwayar ta fito da tabo zobe-zobe ko da tsagaggiyar fata.

Da a ce tsiron da ya fito da cutar shi kaɗai zai cutu, da asarar ba ta taka kara ta karya ba. Ƙwarin darɓa ne ke mai da ita babba. Ƙwaron yakan sauka a ganye ya soka ɗan siririn bakinsa don ya ɗanɗana, cikin 'yan daƙiƙoƙi bairos ta manne a tsinin bakin, ya tashi ya sauka a tsiron gaba, ya sake sokawa, ya sauke abin da ya ɗauko. Kafin maganin feshi ya kashe shi ya riga ya gama ɓarnarsa, shi ya sa feshi bai cika hana wannan cuta yaɗuwa ba. Tsiro kaɗan masu ita, warwatse cikin gona, su ne tushe, kuma in ƙwarin suka zo da wuri da yawa, kafin girbi ta game ko'ina. Bairos kuwa in ta shiga tsiro ba ta da magani. Babbar ƙofar da ta rage a tsare ita ce bakin buhun iri.

Da can hanyar ganewa doguwa ce. A shuka ƙwayoyin a ɗakin gilashi da ƙwaro ba ya shiga, a jira su fito, a bi su da kallo. Wanda ake zargi a tsinki ganyensa a daka, a goga ruwan a ganyen wata ciyawa da ake kira Chenopodium, a sake jira a ga ko ɗigo-ɗigo zai fito mata. Makonni ke nan, ga shi kuma wasu ire-iren fis suna ɗauke da cutar ba tare da ganyensu ya nuna wani abin kirki ba. Haka ta lallaɓa ta shiga ma'ajiyar irin fis ta Ma'aikatar Noma ta Amurka, inda a shekarun 1970 aka gano cewa ire-ire da yawa da masu bincike ke aika wa junansu suna ɗauke da ita. A 1971 Eva Engvall da Peter Perlmann na Jami'ar Stockholm a Suwidin suka fito da gwajin da ake kira ELISA a fagen binciken jini. Shekara shida bayan nan, a 1977, Clark da Adams na tashar binciken itatuwan marmari ta East Malling a Ingila suka nuna yadda za a juya shi ya kama bairos ta tsirrai. Tsarin da suka rubuta, har da ruwan da ake haɗawa da tsawon jira, shi ake bi har yau da ɗan gyare-gyare.

Farkon aikin yana jikin zomo. Tsiro ba shi da abin da ake kira antibodi, dabba ce ke da shi. Antibodi wani furotin ne da jiki ke ƙerawa ya zuba cikin jini idan baƙon abu ya shigo, kuma kowane baƙo da nasa: an ƙera shi daidai da siffar bayan wannan baƙon, shi zai cafke, ya bar sauran su wuce. Masu gwajin iri aron wannan basira suke yi. Sai a raini bairos ɗin a jikin fis da gangan, a yanke ganye, a niƙa, a tace, a juya ruwan a injin juyi mai tsananin gudu, a sake juyawa, har bairos ta ware daga tarkacen ganye. Da wannan tatacciya ake yi wa zomo allura, kaɗan-kaɗan, da tazara tsakani. Cutar tsiro ba ta kama zomo, amma jininsa ya ga baƙo, sai ya shiga ƙera abin kama shi. Bayan wasu makonni a ɗebi ɗan jini daga jijiyar kunne, a bar shi ya daskare, a tsiyaye ruwan da ya taso sama, a tsamo antibodi daga ciki. Tun a nan ake bambanta mai haƙuri da mai gaggawa. In tacewar farko ba ta yi kyau ba, furotin ɗin ganyen fis ya bi bairos cikin allura, zomo zai ƙera antibodi mai kama fis ɗin kansa, daga nan duk ƙwayar da aka gwada, lafiyayya da maras lafiya, sai ta nuna cuta. Tun 1975, da Köhler da Milstein suka gano a Kambirij yadda ake rainon ƙwayar halitta mai fitar da antibodi iri ɗaya tak, an sami wata hanyar, amma jinin zomo bai bar ɗakunan gwajin iri ba.

Antibodi ya kama bairos, amma ido ba ya ganin kamun. Saboda haka ake raba shi gida biyu. Ɗaya a bar shi yadda yake, ɗaya a ɗaura masa enzayim, wato sinadari mai sauya wani sinadarin ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Wanda aka fi amfani da shi sunansa alkalin fosfatas, daga hanjin ɗan maraƙi ake samunsa, kuma shi ne zai yi shela a ƙarshe. Yawancin ɗakunan gwaji a yau sayen duka biyun suke yi a ƙananan kwalabe, su adana a firiji, su rubuta ranar buɗewa a jiki.

Duk wannan ilimi a banza yake in ɗibar samfur ta lalace, kuma ni a wurina nan ne sana'ar ta fi ban sha'awa, don abin da ke aiki ƙafa ce da hannu da amana. Ga sito cike da buhuna, tan goma ko ashirin na iri guda, ga kuma 'yar jakar da za ta wakilce su duka. Mai ɗiba yakan zo da dogon ƙarfe mai tsini mai rami a ciki, irin wanda masu sayen hatsi ke soka wa buhu. Ya soki na sama, ya durƙusa ya soki na ƙasa, ya sa a janye na gaba ya kai ga na lungu, wani ta kai, wani ta ciki, wani ta gindi. Abin da ya taru a juye wuri ɗaya a gauraya, a raba biyu, a ajiye rabi, a sake gauraya rabin a raba, har ya dawo adadin da ake so, ba tare da an sa yatsa an tsince mai kyau ko an ture mummuna ba. Dalilin wannan wahala shi ne cutar ba ta bazuwa daidai wa daida a gona. Gefen da ƙwari suka fara sauka ya fi kamuwa, kuma buhun da aka cika daga can daban yake da na tsakiya. Wanda ya tsaya bakin ƙofa ya dumbuzi hannu biyu daga buhun farko ya yi gaba, buhu ɗaya ya gwada, ya sa wa sito hatimi.

Ƙungiyar gwajin iri ta duniya, ISTA, wadda aka kafa a 1924 take da mazauni a Suwizalan, tana da rubutacciyar hanya ta wannan gwaji, wadda ta haɗa PSbMV da wata bairos mai ƙona fis da wuri, wadda ƙananan tsutsotsin ƙasa ke yaɗawa. Adadin da aka saba shi ne ƙwaya 2,000, a kasa su ɗari-ɗari, tsibi 20. Lissafi ne ya kawo adadin. In ƙwaya 3 cikin kowace 2,000 na da cutar a sito, wanda ya ɗebi 2,000 yadda ya kamata zai ci karo da aƙalla guda sau 95 cikin ɗari. Wanda ya ɗebi 200 kuwa, kusan sau uku cikin huɗu zai dawo ya ce lafiya lau.

Kowane tsibi a zuba shi a injin niƙa ya zama gari mai laushi. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, a nan kuwa ɓacin ake nema. In guda cikin ɗarin na da bairos, niƙa ya baza ta cikin garin duka, kuma antibodi na iya tsinto ta duk da sauran 99 sun sirka ta. Wannan kaifin ji nasa shi ne kuma haɗarinsa. Ƙurar garin da ta maƙale a haƙoran injin daga tsibi na uku za ta iya shafa wa na huɗu laifin da bai yi ba, don haka tsakanin niƙa da niƙa sai an kwance injin, an goge, an share tas, haka har tsibi na 20. Daga nan a auni gari, a zuba masa ruwan gishiri na musamman, a dama, a bar shi ya kwanta. A cikin ruwan akwai wani sinadari, PVP, da aikinsa shi ne ya riƙe abubuwa masu bauri na jikin tsiro don kada su dagula gwajin. Ruwan saman ake so.

Faifan gwajin ɗan farantin roba ne mai haske, bai wuce faɗin hannu ba, da ramuka 96 a jere, layi 8 kowanne da rami 12, kamar gurabun dara da aka ƙanƙanta. Layukan na da haruffa A zuwa H ta gefe, da lambobi 1 zuwa 12 ta sama. Kafin ɗigo ɗaya ya shiga, ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta riga ta zana taswirar faifan a littafinta: B2 da B3 tsibi na ɗaya, C2 da C3 na biyu, haka har ƙasa. Kowane tsibi rami biyu yake samu, don in suka saɓa wa juna a san hannu ne ya kuskure. Sai ta ɗauki fifet, wani bututu mai maɓalli a ka da ke zuƙar ruwa daidai gwargwado, ta sa masa sabon baki na roba, ta zuba wa kowane rami antibodi na farko, kashi ɗaya cikin biyar na mililita, kimanin ɗigo huɗu ke nan. An narkar da shi a ruwa mai awon pH 9.6, wanda gishirin cikinsa dangin kanwa ne, don a irin wannan ruwa furotin ke manne wa robar da kansa, ba danƙo ba komai. A rufe faifan, a sa shi a akwatin ɗumi mai digiri 37, zafin jikin mutum, na sa'a huɗu. In an fito da shi ba abin da ido zai ga ya sauya, amma bangon kowane rami ya riga ya sha shafe da masu kamu.

Sai wanki. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka wannan ne mataki mafi sauƙi, alhali rabin gaskiyar gwajin a nan take. Ta kifar da faifan a kan kwatami da fizga ɗaya, da sauri, don kada ruwan wani rami ya gangara cikin maƙwabcinsa. Ta cika ramukan da ruwan wanki, ruwan gishiri ne mai ɗan sabulu da ake kira Tween 20, rabin mililita a lita guda, ta bar shi minti uku, ta sake kifarwa. Haka sau uku. A ƙarshe ta buga faifan a kife a kan takardar goge hannu, tas, tas, tas, har takarda ta daina nuna danshi, amma ba ta barin ramukan su bushe ƙayau, nan take take zuba abu na gaba. Abin da aka kama da gaske wanki ba ya cire shi, wanda ya raɓe kawai shi ke tafiya. Mai son tashi da wuri yakan mai da minti uku daƙiƙa goma, ya mai da sau uku sau ɗaya, kuma babu mai ganewa a lokacin. Gobe faifan ne zai tona, in ramukan duka suka yi rawaya-rawaya aka rasa na gaskiya.

Yanzu ruwan garin zai shiga, kowane tsibi da sabon bakin fifet, a jefar da tsoho. Akwai ramukan da aka ware wa shaidu: wasu a zuba musu ruwan garin da aka tabbatar yana da bairos, wasu na garin da aka tabbatar lafiyayye ne, wasu kuma ruwan gishirin zalla. Masu taka-tsantsan kan bar ramukan gefe ba samfur, su cika su da ruwa kawai, saboda na gefe sun fi saurin ɗaukar zafi da bushewa, karatunsu kan karkace. Ramuka 60 na ciki sun ishi tsibi 20 da shaidunsu. A rufe, a sa a firiji mai digiri 4 ya kwana. Cikin daren nan zaren bairos, in akwai shi, yana yawo a ɗigon ruwa har ya gogi bango, antibodi ya riƙe shi gam. Da safe a sake wanki, wannan karon da ƙarin kula, don garin fis na da sitaci da furotin masu naci, sai an ɗaga faifan a haske an ga ba saura.

Sannan a zuba antibodi na biyu, mai goye da enzayim. Inda bairos ke manne a bango, shi ma ya kama ta ta ɗaya gefen, ta zama tana tsakanin biyu, ɗaya ya riƙe ta ta ƙasa, ɗaya ta sama. Inda babu ita ba shi da abin kamawa, yana nan yana shawagi har wanki na uku ya yi gaba da shi. Bayan sa'a uku ko huɗu a akwatin ɗumi da wannan wanki, saura ruwa na ƙarshe, wanda ake haɗawa a lokacin, a kare shi daga haske, ba a kuma taɓa shi da hannu tsirara. Sunan sinadarin pNPP, kuma in an narkar da shi ba shi da launi. Enzayim ɗin na yanke masa wani ɓangare, abin da ya saura sai ya koma rawaya. Enzayim guda yana yanka dubbai ɗaya bayan ɗaya bai gaji ba, shi ya sa bairos 'yar mitsitsiya take iya rina rami sukutum. A ajiye faifan a duhu, a zafin ɗaki. Ba a jima ba ramin shaida mai cuta ya fara sauyawa, da fari ɗan ɗis da sai an ɗora faifan kan farar takarda za a lura, can ya zama ruwan ɗorawa sosai. Cikin sa'a guda, a tsakanin ramukan da suka tsaya garau, sai ka ga biyu maƙwabtan juna a layin E sun rine tare.

Ido na iya ganin rawaya mai ƙarfi, amma ba a bar masa hukunci. Ana tura faifan cikin na'urar karatu, ta haska kowane rami da haske mai tsawon zango nanomita 405, shuɗi mai kusa da shunayya, wanda ruwan rawaya ke shanyewa, ta fitar da lamba 96. Shaidu ma'aikaciyar take fara tambaya. In mai cuta bai rine ba, wani abu ya mutu a cikin kwalaben, faifan duka ya tashi a banza. In lafiyayye ya rine, wanki ko antibodi ya sami matsala, nan ma a sake daga farko, kwana biyu sun tafi. Sai shaidu sun faɗi gaskiya ake sauraron sauran. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ramin da lambarsa ta ninka ta lafiyayyen shaida sau biyu ko fiye yana da cutar. Wanda ya tsaya a bakin iyaka ba a tura shi ta inda mai iri yake so, sake gwada shi ake yi.

A ce tsibi 4 cikin 20 sun rine. Kuskure ne a ce kashi 20 cikin ɗari na irin ya kamu, don kowane tsibi ƙwaya ɗari ce, kuma guda ta isa ta rina shi. Akwai lissafin da Gibbs da Gower suka shimfiɗa a 1960 na irin wannan gwajin taro, wanda ke la'akari da cewa wani tsibin na iya ƙunsar masu cuta biyu ko uku. Da shi, 4 cikin 20 na nufin kimanin ƙwaya 2 cikin 1,000. In kuwa duka 20 suka rine, lissafin ya tsaya cak, abin da za a iya cewa kawai cutar na da yawa, mai son sanin iyakarta sai ya koma ya kasa goma-goma.

Akwai wani sirri da ya fi waɗannan zurfi, kuma saninsa ne ke raba gwani da mai bin takarda. Rawaya na shaida cewa akwai jikin bairos a garin, amma ba ta tabbatar da cewa tsiron da zai fito zai kamu ba. A cibiyar John Innes da ke Norwich a Ingila, Daowen Wang da Andrew Maule sun bi sawun wannan bairos cikin ƙwaya mai tasowa a farkon shekarun 1990, suna yanka ta siriri-siriri suna dubawa. Suka gano cewa daga jikin uwa take shiga fatar ƙwayar, daga nan kuma hanyarta ta kaiwa ga ɗan tsiron ciki ita ce wata 'yar igiya da ke riƙe da shi tana ciyar da shi a kwanakinsa na farko. Igiyar ba ta daɗewa, da ƙwayar ta fara girma take shanyewa. Bairos da ta iso kafin nan ta shige, za ta bi iri zuwa baɗi. Wadda ta makara a fata za ta tsaya, kuma ta fata ba ta kama tsiro. Ke nan garin da aka niƙa da fatarsa na iya nuna cuta fiye da abin da zai fito a gona. Shi ya sa in ana son ainihin adadin da zai tsiro da ita, sai a jiƙa ƙwayoyin su kwana, a zauna a saɓule fatar kowace guda da ɗan hantsaki, a gwada cikin kaɗai, ko kuwa a shuka su a tire cikin ɗakin da ƙwaro ba ya shiga, bayan mako biyu ko uku a tsinki ganye a gwada. Mutum ya duƙufa yana saɓule ƙwaya ɗari bayan ɗari, don kada a ƙi irin manomi bisa kuskure, wannan aiki ne da ya cancanci jinjina, ko da yake sunan mai yinsa ba ya fitowa a jikin buhu.

Ga masu gwada tsiro ɗaya-ɗaya akwai wata hanya mai sauƙin kaya da aka fito da ita a 1990. Cibiyar ICARDA ta binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, a lokacin tana kusa da Halab a Siriya, ta yaɗa ta ta hannun Khaled Makkouk da Safaa Kumari, kuma masu binciken fis a Ostareliya na aiki da ita. Ba niƙa, ba faifai, ba na'urar karatu. A haɗa karan tsirrai da yawa a ɗaure su ɗan ƙaramin dami, a datse da sabuwar reza, a danna bakin yankan a kan wata farar takarda ta musamman mai riƙe furotin, na 'yan daƙiƙoƙi. Kowane kara ya bar tambarinsa. Akan jiƙa takardar a ruwan madarar gari, don furotin ɗin madara ya cike duk gurbin da ya rage, antibodi ya rasa inda zai manne a banza. Sai a sa antibodi na zomo ya kama bairos, a wanke, a sa wani antibodi da aka samo daga jinin akuya, wanda shi kuma na zomon yake kamawa, da enzayim a jikinsa. Da an zuba ruwan ƙarshe tambarin mai cuta ya koma shunayya, na lafiyayye ya tsaya kore-kore. Takardar da aka danna a gona tana iya bushewa, a sa ta a ambulan a aika wani gari a ƙarasa aikin.

Wakenmu na gida ma yana da nasa bairos masu bin iri, wata ma ƙwarin darɓa ne ke yaɗa ta, kuma irin wannan gwaji na cikin abin da cibiyar IITA ta Ibadan, mai riƙe da ma'ajiyar irin wannan wake mafi girma a duniya, ke tantance iri da shi kafin ta aika wata ƙasa. Ɗan katin gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake ɗiga wa jini a asibitocinmu shi ma antibodi ne aka shimfiɗa a takarda. Yanzu akwai gwajin PCR mai neman sinadarin gadon bairos kai tsaye, ya fi ELISA kaifin ji nesa ba kusa ba, kuma gare shi ake komawa in sakamako ya sa shakka. Sai dai yana da tsada, yana son kaya da tsafta ta musamman. Wanda ke da samfur ɗaruruwa a gabansa, lokacin shuka na matsowa, manoma na jiran takarda, faifan ramuka 96 da kwana biyunsa yake kamawa. In sakamako ya fito garau, a liƙa wa buhuna lamba a fitar da su zuwa gona. In ya wuce iyakar da aka yarda da ita, a sauya musu hanya zuwa injin ɓarza ko abincin dabbobi, tunda bairos ɗin ba ta cutar da mai ci.